Kafin ku bar mota a gindin dutse: Abin da za a kulle da abin da za a ɗauka



Washegarin Sallar da ta wuce, wajen ƙarfe tara na dare muna shirin rufe kantin magani, sai ga wani matashi ya shigo a firgice. Ya ce mini, "Anti, don Allah allurar suga nake nema, ta Baba." Na tambaye shi wace iri, ya ce bai sani ba. Na ce mai kamar ruwa ce ko mai kamar madara? Ya yi shiru. Nawa Baba yake ɗauka da safe, nawa da dare? Nan ma shiru.

Ashe da safe suka fita yawon Sallah su tara zuwa wani wuri a bayan gari. Suka ajiye mota a ƙarshen hanyar da taya ke iya bi, suka taka da ƙafa zuwa bakin ruwa. Mahaifinsu ya bar 'yar baƙar jakarsa a kan kujera saboda kada ta jiƙe. Da suka dawo bayan La'asar, sai suka tarar an fasa ƙaramin gilashin baya, jaka ta tafi. Babu ko sisi a cikinta. Abin da ke ciki insulin ne, da na'urar gwajin suga, da maganin hawan jini, da katin asibiti. Ban sayar masa da komai ba a daren, domin insulin ba abin da ake bayarwa da ƙiyasi ba ne. In aka yi kuskuren iri ko na yawa, suga na iya faɗuwa mutum ya suma cikin barci. Asibiti na tura su, kuma a can dattijon ya kwana.

Gilashin da aka fasa an saya washegari. Daren da iyalin suka kwana cikin fargaba shi ne ainihin asarar. Wannan ya sa na ga ya dace yau mu tattauna yadda ake barin mota da kaya a daji, musamman ga mu mazauna Jos da Allah Ya kewaye mu da wuraren shaƙatawa.

Inda mota ke tsayawa, ƙafa ta ci gaba

Mai karatu, ka lura da wani abu game da wuraren da muke zuwa. Duwatsun Shere da ke gabas da gari, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, ba a hawansu da mota. Magangarar ruwa ta Assop da ke kusa da Hawan Kibo a hanyar Akwanga, sai an sauka an taka. Haka Kurra a yankin Barikin Ladi, haka Dutsen Riyom, haka Dutsen Wase. Kowannensu akwai inda dole a kashe mota a bar ta, wani lokaci awa uku ko huɗu, babu wanda ke ganinta daga inda ake.

A ƙasashe irin su Ostireliya da Afirka ta Kudu, masu irin wannan yawo kan ja 'yar ƙaramar tirela a bayan mota, mai ɗauke da tanti da murhu da tankin ruwa. Su kan kwance ta a sansani su ci gaba da mota kaɗai, don haka sun daɗe da koyon yadda ake tsare ta. A nan irinta kaɗan ce, sai dai wadda masu walda ke ƙerawa don ɗaukar janareta ko kayan gona. Mu abin da muka saba shi ne but ɗin mota, ko bayan a-kori-kura da aka rufe da tampol, ko bas ɗin haya ta 'yan makarantar Islamiyya. Amma matsalar iri ɗaya ce: kaya na nan, masu kaya na can.

Abubuwa uku ke iya samun kayan da aka bari. Akwai hannun ɓarawo, akwai zafin rana, akwai kuma yaro ko dabba da za su kai ga abin da bai kamata ba. Yawancinmu na farkon kawai muke tunawa.

Ɓarawo sauri yake yi

Mai fasa mota ba ya son ɓata lokaci, kuma ba ya son a gan shi. Duk abin da zai ƙara masa minti biyar, ko ya sa shi yin ƙara, yana iya sa ya haƙura ya wuce. Saboda haka tsaro tun daga gida yake farawa.

Maigida, kada ka tsaya a wurin ajiye mota kana kwashe waya da jaka kana turawa ƙarƙashin kujera. Mai kallo ya riga ya gani. Abin da za a ɓoye a but, a ɓoye shi tun kafin a bar gida. Kujeru su kasance fayau, ko leda kada a bari, domin baƙar leda mai ɗauke da takalmin yaro da mai ɗauke da kuɗi duk ɗaya ne a idon wanda ke leƙe ta gilashi.

A ajiye mota inda mutane ke kai-komo: kusa da masu karɓar kuɗin shiga, ko masu talla, ko ƙofar wani gida a ƙauyen da ke kusa. Lungun da ka ɓoye motarka daga idon jama'a, ka ɓoye ɓarawon ne tare da ita. Idan wurin ba shi da masu gadi, a nemi mai unguwa ko wani dattijo a gaishe shi, a nemi izini, a roƙi ya ba da wanda zai duba. A yi ciniki tun farko, a ba da rabi, a cika idan an dawo. Wannan gaisuwa tana da wani amfanin: mutanen wuri su suka san inda rafi ke cika, da hanyar da ba a bi, da ko akwai zaman ɗar-ɗar a yankin. Mu 'yan Filato mun san akwai lokutan da wasu ƙauyukan Riyom, Barikin Ladi, Bokkos da Mangu ba su ziyartuwa. A tambaya kafin a fita, a kuma dawo gari kafin Magariba.

Bayan an danna makulli, a ja kowace ƙofa da hannu a tabbatar. A sa makarin sitiyari idan akwai. Takardun mota na asali su bi direba. Batir, madubin gefe, safaya, ƙwaƙwalwar mota da abin nan na salansa da bakanikai ke kira indomi, su ne aka fi kwancewa, don haka bakanike zai iya yi maka kejin batir da kwaɗo da kuɗi kaɗan, ya kuma sa makashin wuta a ɓoye wanda idan ba a taɓa shi ba mota ba za ta tashi ba. Na'urar bin sawu tana taimakawa, sai dai ka sani da layin waya take aiki, kuma a bayan wasu duwatsun babu sabis.

Idan kana jan tirela

Wanda ke da 'yar tirela, nasa aikin ya fi yawa, domin ita ba ta da makulli. Duk mai mota da ƙugiya zai iya maƙala ta ya tafi cikin minti biyu. Idan za ka kwance ta, ka toshe bakin ƙugiyar da kwaɗo mai kauri yadda ba za ta shiga wata mota ba. Ka zura sarƙa ta cikin ƙarfen taya ka zagayo da ita jikin shasi, ko ka ɗaure ta da bishiya mai kauri. Kwaɗon kada ya kwanta a ƙasa ko kan dutse, domin nan ne guduma ke samun wurin duka. Ka juya hancinta ya fuskanci dutse ko bishiya, yadda sai an juyo ta da hannu kafin a ja. Sarƙoƙin nan biyu na kariya da ke gabanta a cire su ko a kulle su, saboda da su kaɗai ana iya janta. Idan kwana za ta yi, wasu kan ɗaga ta su cire taya ɗaya su tafi da ita tare da notinanta.

Ka ɗauki hotonta ta kowane ɓangare, ka sa mai walda ya rubuta wata alama taka a wurin da ba a gani. Idan ta ɓata, da wannan za ka kai rahoto ofishin 'yan sanda.

Kada a manta da waigi. Ƙasarmu gangare ce. Tirelar da ba a sa wa dutse gaba da bayan taya ba, yaro ɗaya ya jingina da ita ya isa ta gangara. Mota ma haka: birkin hannu, a bar ta cikin giya, a karkata sitiyari zuwa gefen tudu, a sa waigi. Da damina kuma kada a ajiye komai a busasshen rafi ko kwari don ana ganin wurin a shimfiɗe yake. Ruwan da aka yi a kan dutse can nesa yana iya saukowa alhali inda kake rana ake yi. Mutanen Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo ba su manta ambaliyar watan Yulin 2012 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 30.

Sanyin Jos ba ya shiga motar da aka rufe

A nan ne aikina ya shigo. Sau da yawa idan na ce wa mutum kada ya bar magani a mota, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Malama, a Jos?" Gaskiya ne muna zaune a tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma iskarmu ta fi ta Kano da Sakkwato sanyi. Amma motar da aka rufe, rana ce ke dafa ta ta cikin gilashi, zafin kuma ba ya samun hanyar fita.

A shekarar 2005 wasu masu bincike a Amurka sun wallafa sakamakon awon da suka yi a mujallar likitocin yara ta Pediatrics. Sun gano cewa cikin awa ɗaya zafin cikin mota kan ƙaru da kusan digiri 22 a ma'aunin Salshiyas sama da na waje, kuma kashi 80 cikin 100 na wannan ƙarin a rabin awar farko yake faruwa. A ranar da waje yake digiri 22 kacal, cikin mota ya kai 47. Sun kuma gano cewa sauke gilashi kaɗan bai canza wani abin kirki ba. To, a watannin Maris da Afrilu zafin rana a Jos kan kai digiri 30. Ka yi lissafin da kanka.

Yanzu ɗauko kowane kwalin magani a gidanka ka duba gefensa. Za ka ga an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30, wasu ma 25. Ranar ƙarewar aiki da aka buga a jikinsa, bisa wannan sharaɗin aka buga ta. Ga waɗanda suka fi saurin lalacewa:

Insulin. Wadda ba a buɗe ba tana zama a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wadda ake amfani da ita, yawanci tana kai kwana 28 a ɗaki mai sanyi. Zafi yana rage mata ƙarfi, kuma abin tsoron shi ne sau da yawa ba a gani da ido. Sai dai mai ita ya ga sugansa ya ƙi sauka. Idan mai kamar ruwa ta yi duhu-duhu, ko mai kamar madara ta yi gudaji, a zubar. Daskarewa ma tana kashe ta, don haka kada a jingina ta da ƙanƙara a cikin kula. A naɗe ta da tawul, ƙanƙara na gefe ɗaya, ita na gefe ɗaya.

Inhelar masu asma. Gwangwani ne mai iska a matse, kuma an gargaɗi kada ya wuce digiri 50. Bayan haka, mai asma da ke hawan dutse cikin ƙurar hunturu, a aljihunsa yake bukatarta.

Maganin ruwa na yara da ake haɗawa da ruwa, irin su amozisilin. Da zarar an haɗa, kwanakinsa ƙidayayyu ne, wani ma sai a firji. Wuni ɗaya a but ya isa ya raunana shi.

Maganin matsi da ake sa wa ta dubura, narkewa yake yi. Maganin ɗigawa a ido, man shafawa, da tsinken gwajin suga, duk zafi na taɓa su. Tsinken da ya lalace zai ba ka lambar ƙarya, ita kuma lambar ƙarya tana sa a ɗauki allurar da ba daidai ba.

Dokar a taƙaice ita ce: maganin da rai ya dogara da shi, jikin mai shi yake bi. Na suga, asma, farfaɗiya, zuciya, hawan jini, da na masu sikila. A sa a ƙaramar jakar ratayawa, cikin leda mai zif saboda ruwa. A ɗauki na kwanakin tafiya da ƙarin kwana ɗaya, sauran a bar shi a gida; da iyalin can sun yi haka, da sun dawo sun tarar da wani. A ɗauki hoton kwalin da takardar likita a wayoyin mutum biyu. Uwargida da babban yaro su san sunan maganin Baba da yawan da yake sha. Mai suga kuma ya riƙe sukari ko alewa, domin hawan dutse na iya saukar da suga ƙasa.

Akwai kuma magungunan da don su ake fasa mota. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. A watan Mayun shekarar ne gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Wanda likita ya rubuta wa tiramadol ko diyazafam, kada ya bar kwalinsa a inda ake gani, kada kuma ya yi ta faɗa a cikin jama'a.

Yaro ba kaya ba ne

Uwargida, wannan naki ne da maigida baki ɗaya. Kada a bar yaro a mota don yana barci, ko da minti goma ne. Jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar, kuma idan zafin jiki ya kai digiri 40 an shiga haɗari. Haka kuma motar da aka bari a buɗe tarko ce. A watan Disambar 2021 yara takwas aka tarar sun rasu a cikin wata mota da aka ajiye a yankin Badagry na Jihar Legas. Saboda haka kulle mota ba don ɓarawo kaɗai ba ne. A kulle, makulli na hannun babba, a ƙirga yara kafin a bar wurin da kuma bayan an dawo. Idan aka nemi yaro aka rasa, a fara duba ruwa da cikin motoci har da but, kafin ko'ina. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi suna da zurfi tun daga baki, ba wurin wankan yara ba ne.

Idan aka fito da yaro jikinsa zafi rau, yana magagi ko ya suma, a kai shi inuwa, a cire masa kaya, a jiƙa shi da ruwa ana fifita, a nufi asibiti nan take. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin.

Fetur da kalanzir kuma kada a zuba su a robar lemo. Yaron da ya dawo da ƙishi ba zai tsaya shinshinawa ba. Idan ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin amai ne ke kai man cikin huhu. Asibiti kawai. Tukunyar gas a rufe kanta, a sauke ta a inuwa a tsaye. Masu kwana a tanti da hunturu, kada sanyi ya sa ku shigar da gawayi ko ku matso da janareta. Hayaƙinsu yana da guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci.

Abinci da baƙin da ba a gayyata ba

Shinkafa da miya da suka yi awa huɗu a but mai zafi, ko ba su yi tsami ba suna iya sa iyali gudawa da amai. Dafaffen abinci a ci shi da wuri, ko a riƙe shi a kula mai ƙanƙara, a kuma tafi da gishirin rayuwa ko da an samu matsala. Wanda za a bari a sansani a rufe shi cikin roba mai murfi saboda ɓeraye. Mu a Jos muna da tarihi da zazzaɓin Lassa: a nan aka yi jinyar waɗanda aka fara gano cutar a jikinsu a 1969, kuma a 1970 ta kashe Dokta Jeanette Troup ta asibitin Jankwano. Fitsari da kashin ɓera a kan abinci na daga manyan hanyoyin kamuwa, kuma da rani ta fi yawa.

Idan an dawo, a leƙa ƙarƙashin mota da tirela kafin yara su matso, a kakkaɓe tabarma da tampol da sanda. Inuwar mota wurin hutun maciji ce, musamman a kudancin jihar wajen Langtang da Wase da Shendam inda kububuwa ta yi yawa. Cibiyar lafiya ta Zamko ta yi suna ne saboda masu saran maciji. Idan tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaurewa tamau. A hana ƙafar motsi a ɗauki mutum zuwa asibiti.

Kafin a juya baya

A sanar da wani a gida inda za a je da lokacin dawowa. A adana lambar gaggawa ta 112 da ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, 122. Sannan a tsaya minti biyu a gefen mota a tambayi juna: yara sun cika? Magani na jiki? Kujeru babu komai? An ja ƙofofi? An sa waigi? Wa ke gadi?

Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Dattijon nan ya warke, kuma ɗansa ya dawo bayan mako guda ya nuna mini hoton kwalin insulin a wayarsa, da 'yar jakar ratayawa da ya saya wa Baba a Taminus. Ku ma ku yi naku tanadin kafin hutu mai zuwa.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.